Tsakanin Hancin Liman da Kwalbar Duba-gari

Ku da kuke zuwa ku tsaya mini a ka ina aiki, kuna cewa wannan ai ba sana'a ba ce, farin gari ne kawai a watsa a rijiya a kama gaba, ku zauna ku saurara. Zan bi muku abin daki-daki yadda na same shi. Wanda ya gaji ya tashi, ban riƙe kowa ba.

Da farko dai ni ba mai zuba magani ba ne. Haƙar rijiya da yasarta na koya, a hannun ubangidana Baba Ango, mutumin wajen Morai. Rijiyar farko da ya kai ni tana wani gida a Talata Mafara, akuya ce ta faɗa ciki ba a sani ba sai da ruwan ya fara wari. Na tuɓe riga ina shirin sauka, sai ya dube ni ya ce, “Ina za ka? Zo nan ka riƙe igiya.” Igiyar nan na yi ta riƙo damina da rani, shekara da shekaru. Mai riƙon igiya ba ya hira, ba ya waiwaye, ko an kira sunansa ba ya amsawa. Sau ɗaya na juya don wata mai tallan gyaɗa ta yi sallama. Da Baba Ango ya fito, ranar a ƙafa ya sa na koma gida, shi yana bisa jaki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dagi, akwai diga mai gajeriyar ƙota don a ƙasa ba wurin ɗaga hannu, akwai ƙwaryar kwasar laka, da guga, da ƙugiyar ciro abin da ya nutse, sai fitilar aci-balbal. Fitilar ita ke fara sauka, ba mutum ba. In ta mutu a hanya, iskar ciki ta ɓaci, sai a ɗaure rassan dogonyaro a igiya a yi ta zurawa ana fizgowa har iskar ta sake. Bayan fitila sai duba bango, ko ya jiƙe ko ya fara zubewa. Bayan bango sai ka tambayi mai gida abin da ya faɗa ciki, kuma duk abin da ya gaya maka kada ka yarda. Wani mutum a Maradun ya rantse mini guga ce kawai. Na sauka na tarar da guga, da turmi, da mataccen kare. Da na fito ya ce, “To ai da gugar a ciki, ko na yi ƙarya?” Haka masu rijiya suke. Su rage zurfi, su rage shekarun da ta yi ba a yashe ba, wanda ya ce maka bara, ka lissafa tun auren babbar 'yarsa.

Maganin ruwa daga baya ya same ni, na riga na yi furfura. Ma'aikatan lafiya ne suka tara mu masu yasa daga ƙasar Bakura da Mafara da Maradun, suka ce tunda mu muka san cikin rijiyoyin nan, mu za a koya wa. Suka buɗe wani bokiti mai murfi, wari ya buge mu har da hawaye. Suka ce sunansa kulorin. Ɗan kaɗan ya zuba a hannun rigata, kafin la'asar wurin ya yi fari, kafin mako ya huje. Na tambayi mai koyarwar, “Abin da ya cinye riga, me zai yi wa hanji?” Ya yi dariya ya ce ai ba haka ake shan sa ba. Dariya ba amsa ba ce. Da na koma gida sai na haɗa shi a randa yadda aka nuna, na fara ba kaji. Da kaji suka kwana na ba awaki. Da awaki suka yi mako lafiya na sha da kaina. Sannan na karɓi aikin.

Ga yadda ake yi, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Ka fara da auna ruwan da ke ciki da igiya da dutse, ranar da za ka zuba, ba awon watan jiya ba. Ka duba ko ya yi duhu, don laka tana cinye magani kafin ya yi aikinsa. Ka dama garin a bokitin roba da sanda, ba na ƙarfe ba, kana ba iska baya. Ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama, abin da ya kwanta a ƙasa ka binne shi nesa da dabbobi. Garin da ya daɗe a rana ko aka bar shi a buɗe ya mutu, ko da fari ne tas, saboda haka ni ba na karɓar garin da ban ga an buɗe a gabana ba. Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: rijiyar gida ta mai gida ce, amma rijiyar gari ba a taɓa ta sai duba-gari ya zo ya gani ya ba da izini a rubuce.

Yanzu sai shekarar da nake so ku ji. Wani ƙaramin gari ne tsakanin Bakura da Mafara, ba nisa da magudanan ruwan Bakolori. Ba zan faɗi sunansa ba, don da yawan mutanen suna raye. Rijiya ɗaya gare su ta kirki, tana bakin masallacin Juma'a, kakan limamin garin ne ya sa aka haƙa ta. Daga ita ake sha, daga ita ake cika butocin masallaci. A daminar nan mutanen ƙauyukan wajen Gidan Goga da 'yan bindiga suka tasa sun zo sun cika makarantar firamare da zaurukan jama'a. Guga ta yi yawa, kowa da tasa, kowa ya yar a taɓo ya sake jefawa. Sai amai da gudawa ya shigo. 'Yan gari suka ce baƙi ne suka kawo, baƙi suka ce da lafiyarsu suka zo, a nan suka tarar da shi.

Magajin garin ya aika aka kira ni. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da jama'a da damina, ya ce, “Garba, an ce kana da maganin nan. Zuba muna yau.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sai da izinin duba-gari.”

“Mutane na mutuwa kana yi mini zancen takarda?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in na zuba yau ba takarda, gobe wani ya cika, ba za a ce ciwo ne ba. Cewa za a yi Garba ya zuba wa gari guba. Kuma kai ne za ka fara cewa ba ka san ni ba.”

Sai ya ce a nemo duba-garin.

Sunansa Bala, matashi ne mai kaki da babur. Ya kewaye rijiyar yana leƙe, ya ɗebi ruwa a kwalba ya ce za a kai a gwada. Ya ce ba zai ba da izini ba sai an yi abu huɗu: a gyara daɓen bakin rijiyar da ya tsage, a yi mata murfi, a matsar da kwamin shayar da shanu, a kuma kafa itace a rataye guga ɗaya tak wadda kowa zai yi amfani da ita. Ukun farko ni na yi su da hannuna. Ta huɗun ce ta kusa jawo faɗa, don matan gari sun ce ba za su haɗa igiya da baƙi ba, baƙi kuma suka ce dabara ce ta hana su ruwa. Sai da Magaji ya sa dogarinsa ya zauna a gindin itacen.

Takardar ta iso da hatimi. Magaji ya sa aka karanta masa, ya juya bayanta ya duba, ya ce, “Wanga sa hannun na wane ne? Ya taɓa shan ruwan garin ga?” Amma dai ya sa aka yi shela. A takardar akwai wurin sa hannun duba-gari, akwai na mai gari, akwai nawa. Babu wurin sa hannun Liman, shi ya sa ba wanda ya bi ta kansa.

Zubin farko mai ƙarfi ake yi, don a kashe abin da ya riga ya zauna a ciki. Na zuba, na wanke bango da shi, muka rufe rijiyar ta kwana, washegari muka kwashe ruwan muka zubar har sabo ya taso. Bala yana da wata 'yar kwalba da ƙwayoyi. Zai ɗebi ruwa ya jefa ƙwaya ɗaya, in akwai magani sai ruwan ya yi ja-ja, ya gwada da zanen launukan da ke jikin kwalbar. Ya gwada ya ce daidai, a buɗe. Wari kam akwai shi, ko daga bakin masallaci ana ji. Bala ya ce ai haka ake so, alamar yana aiki.

Da azahar ladan ya cika butoci. Liman, Malam Usmanu, tsoho ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya tsiyaya ruwa a tafin hannu, ya kai hanci, ya ajiye butar. Ya aika gida aka kawo masa ruwan sama da aka tara a randa, da shi ya yi alwala. Duk sahu sun gani. Bayan an sallame ya sa aka kira ni da Bala zaurensa.

Ya ce, “Mi anka sa ma ruwan ga?”

Bala ya yi bayani mai tsawo, har da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Liman ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Na ji. Ku ma ku ji ni da kyau, kada a tahi a ce na ce haramun ne. Ruwa abu uku aka duba mai: launinai, da ɗanɗanonai, da warinai. In ɗaya ya sake saboda wani abin da anka kawo daga waje anka zuba, to in abin mai tsarki ne, a sha, a yi tuwo, a yi wanki. Amma ba a alwala da shi, ba a wankan tsarki.”

Bala ya ce, “Allah gafarta Malam, a birane duk da ruwan famfo ake alwala, kuma shi ma da maganin.”

“Ni ba limamin birni ba ne, ɗana. Abin da na karanta gun mahaifina shi nika faɗi.”

Bala ya zaro takardar ya miƙa. Liman bai karɓa ba. Ya ce, “Takardar ga ta ce a sha. Ta ce a yi salla?”

Maganar Liman ta fita zauren da kai da ƙafa, amma kafin magariba rabinta kawai ya rage a gari. Ba wanda ya riƙe “a sha”. Abin da aka riƙe shi ne Liman ya ƙi ruwan. Da safe na tarar da Inna Kulu, mai furar bakin kasuwa, wadda kullum ita ke fara ɗiba, ta wuce rijiyar da tulunta ta nufi magudanar Bakolori. Na ce, “Inna, ga ruwa nan, ina za ki?”

Ta ce, “Garba mai yasa, ruwan da Liman ya ƙi wanke huska da shi, shi zan dama ma mutane hura? Kuma an ce na hana haihuwa ne.”

Na jawo guga na kafa kai na sha a gabanta har ya zubo mini a gemu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai da ka gama haihuwa, mi za shi rage maka?” Ta wuce abinta, mata suka bi ta.

Ruwan magudanar nan ku kun san shi. A ciki ake wanki, a ciki shanu ke tsayawa, ga abin da ke gangarowa daga gonakin shinkafa. Ciwon da muke so mu kashe sai ya ƙaru. Baƙin da ke makaranta su ne suka ci gaba da shan rijiyar, don ba su da tulunan zuwa nesa, kuma suna sha suna cewa an zuba ne don a rage su. 'Yan gari na cewa ai ga shi nan, don baƙi aka lalata musu rijiyar kakanni. Ni kuwa in na ratsa kasuwa sai hira ta tsaya. Kusan kullum ana kai gawa, yawanci yara, kuma Liman ne ke sallatar su.

Na je na sami Bala na ce a rage maganin. Ya ce akwai iyakar da izinin ya yanka, in kwalbarsa ba ta nuna ja ba, doka ta ce a kulle rijiyar gaba ɗaya. Na koma wurin Liman na ce, “Allah gafarta Malam, in warin ya tafi fa?” Ya ce, “In hanci bai ji ba, ido bai gani ba, harshe bai ɗanɗana ba, ruwa ne.” To kun ji inda aikin ya tsaya. Maganin ya kai yadda kwalbar Bala za ta gani, kada ya kai yadda hancin Liman zai ji. Wannan ba a koya mana shi a wurin taro ba.

Abin da na fara yi shi ne sauka. Na zura fitila, na bi ta, na yashe rijiyar har sai da na taɓa idon ruwa, don na lura in magani ya haɗu da ruɓaɓɓiyar laka warinsa ya fi tashi. Na fitar da tsummoki da takalma da igiyoyin da suka ruɓe. Sannan na daina zuba maganin duka a lokaci guda, na koma rarrabawa kaɗan-kaɗan, ina motsa ruwan da guga, ina barin murfi a buɗe ya sha iska kafin masu ɗiba su zo. Kowace safiya in rage, Bala ya gwada, ni in shinshina. Ba mu yarda da juna ba ko kaɗan. Shi yana zargin wata rana ba na zubawa sam, har ya riƙa zuwa da wuri ya tsaya a kaina. Ni ina zargin ƙwayoyinsa sun tsufa, na sa ya buɗe sabon ƙunshi a gabana. A haka muka kai ranar da jan ya koma kamar ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar zoɓo. Bala ya ɗaga kwalbar a rana ya daɗe yana kallo, ya ce, “Malam Garba, nan ne iyaka. Ƙasa da wannan ba da hannuna ba.”

Na kai guga hanci. Warin ya yi ƙasa ƙwarai, amma yana nan. Na ce, “Akwai shi.”

Ya ce, “Kai hancinka ne ya riƙe shi, ko a tuwo ji za ka yi.”

Na ce, “Mai yiwuwa. Amma akwai shi.”

Ba mu da sauran abin ragewa, sai muka gaya wa Magaji a kira Liman.

Da hantsi ya zo, daga maƙabarta, ƙasa ba ta bar ƙafarsa ba. Gari ya taru, baƙi a gefe ɗaya, 'yan gari a gefe ɗaya, Inna Kulu a gaba da tulunta a kife. Na miƙa masa ruwan da na ɗebo, ya ƙi. Ya ce, “Wa ya san inda kunka ɗebo wanga?” Ya karɓi igiya ya jawo da kansa, duk da tsufansa, ya juye a ƙwaryar da ya zo da ita daga gida, tsohuwa wadda ba ta da warin komai.

Ya fara da ɗaga ta a rana ya duba. Sannan ya ce Bala ya gwada wannan ruwan na cikin ƙwaryar, kada a ce ba magani a ciki. Bala ya ɗiba ya jefa ƙwaya, ruwan ya yi ɗan ja. Nan take wuri ya ɗauki surutu, wani ya ɗaga murya ya ce, “Ga shi nan, launi ya sake!” Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “Jan ga na ruwa ne ko na ƙwayarka?” Bala ya ce na ƙwaya ne. Liman ya nuna wa jama'a ƙwaryar, ruwan cikinta fari tas. Ya kurɓa ya juya a baki ya haɗiye. Sai ya kai ta hanci.

Ina tsaye dab da shi, kafaɗata kusa da tasa. Iska ta taso daga wajen ƙwaryar, ni na ji warin. Na sunkuyar da kai don kada ya tambaye ni, don in ya tambaya ba zan yi masa ƙarya a gaban masallaci ba. Ya daɗe ƙwaryar na hancinsa. Ya sauke, ya dubi matan da ke tsaye da goyo, ya sake mayarwa. Bai tambaye ni ba. Ya ce, “Ni dai ban ji komi ba.”

Ya nemi dutse ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ya fyace, ya wanke fuska, ya bi alwala a tsanake kamar mai koya wa yara. Ba wanda ya motsa sai da ya gama da ƙafar hagu. Sannan Inna Kulu ta birkice tulunta ta ce, “To ku matsa, hura na jira na.” Mata suka yi layi, har da rigimar wa ya riga wa.

Ciwon bai tsaya ranar ba, amma daga makon ya fara ja da baya. Wasu gidaje ba su dawo rijiyar ba har rani, suna cewa an saye Liman. Bala kuwa ya tafi yana cewa ai dama shi ya faɗa, hancina ne ke da matsala.

Abin da su duka ba su ji ba shi ne wannan. Da Liman ya miƙe zai shiga masallaci, ya dafa kafaɗata kamar mai neman abin dogarawa, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Garba, kada ka ƙara ko ƙanƙani bisa wanga awon. Hancin tsoho ma yana da inda haƙurinai ya tsaya.”

Ban ƙara ba. Ban kuma taɓa tambayarsa abin da ya ji a ƙwaryar nan ba, har Allah ya karɓi abinsa.